Kwalli a Kan Makero

Ranar Talata

Zuwa ga Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da so da kewa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya lau kamar yadda ta bar mu. Yaya karatu, yaya tsayuwar asibiti? Yaya ƙafar nan da kika ce tana kumbura in kin wuni kina zagayen gadaje? Allah ya ba da sa'a, ya sa a gama lafiya. Umma tana nan ƙalau, ban da ciwon bayan da kika sani. Abba bai dawo ba tukuna, wai sai an sauke kayan motar.

Kin ce in daina wahalar rubutu, in riƙa kiranki. Da wace wayar? Ta Umma, a tsakiyar falo, ga mata uku a jere suna jiran awo, kowacce ta baza kunne? Kin san halina, ko gaisuwa zan yi sai na haɗiyi yawu sau biyu. A takarda kaɗai bakina yake buɗewa, don haka ki yi haƙuri da ni.

Gidan yana nan yadda kika bar shi. Keken ɗinki daga safe har yamma, ƙyallaye a ƙasa, allura a hannun kujera tana jiran wanda tsautsayi zai kawo. Matan nan kuwa ba su canza ba. Hirarsu ɗaya ce: wa ta yi ƙiba, wa ta rame, wa aka ɗinka wa hannun riga ya fi nata faɗi. Shugabarsu Matar Manaja, wadda take rungumo leshinta a leda biyu kamar jariri. Shekaranjiya ta gan ni da littafi a lungun taga, ta ce wai yarinyar nan kurma ce ko kuwa aljanu ne suka shafe ta? Murmushi kawai na yi. A raina na ce, baiwar Allah, da kin taɓa karanta ko shafi ɗaya na soyayya, da ba ki auri mutumin da yake kiranki da hon ɗin mota ba.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar da za ki tafi kin ɗora min Siliki a cinya, kin ce amana ce, ko littattafaina duka za su ƙone kada in bar komai ya taɓa magen nan. Kada ki tsorata, ba wani babban abu ba ne. A gindin kunnenta na hagu gashi ya zube, ya yi da'ira kamar an kifa murfin kwalba an zana. Fatar wurin ta yi fari-fari tana ɓarɓashi. Ina jin makero ne, irin wanda ya taɓa fito wa wata 'yar ajinmu a goshi.

Kin tuna sharaɗin Umma ranar da kika shigo da ita: duk ranar da mage ta kwaso cuta, ranar za ta bar gidan, don ita kayan mutane ne a hannunta. Kwana biyu ina saƙa da warwara, sai Allah ya kawo min dabara. Kwallin fensir ɗinki da kika manta a aljihun madubi. Siliki baƙa ce wuluk, kwalli ma baƙi ne. Kullum da safe kafin Umma ta fito daga wanka nake zama da ita a bayan ƙofa in cike wurin tsaf. Wallahi ko ke ba za ki gane ba. Jiya ta wuce ta gaban Umma tana rangwaɗa, Umma har da ce mata 'yar gata.

Na san za ki ce asibitin dabbobi. Na leƙa shi, wanda yake bayan tashar mota. Yaya, ba ki ga matar da take ciki ba. Gajeriya, takalmin roba har gwiwa, murya kamar ta kwandasta, tana jan akuya ta ƙaho tana yi wa mai ita faɗa. Warin wurin har gida ya rako ni. Silikin da take kwana a kan filo, ita zan miƙa wa wannan? Allah ya sawwaƙe.

Na ajiye miki mai daɗin a ƙarshe. Mutumin naki ya zo gaishe da Umma ranar Lahadi. Farar riga ko lanƙwasa babu, agogo yana sheƙi, yana magana ƙasa-ƙasa kamar ba ya son wahalar da iska. Ya yi awa guda da tafiya amma ƙamshin turarensa yana nan a matakala. Sak jarumin littafin da nake karantawa, har sajen. Duk layin nan Dakta suke ce masa, amma matan falo wai ai mai auna abincin kaji ne a shagon kawunsa. Hassada ce kawai, su da mazajensu ko aski ba su iya zaɓa ba. Ya tambaye ni yaya makaranta, na kasa ɗaga kai. Sai da ya sauka ƙasa na tuna amsar.

Ki gaishe min da ƙawayenki na ɗaki. Ki riƙa cin abinci, ki daina barin shayi yana hucewa a gabanki.

Taki har kullum,
Auta


Ranar Alhamis

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa mai laifi. Ina fata kina lafiya, ina fata kuma jarrabawar allurar da kika ce ta zo da sauƙi. Mu nan lafiya, in ban da abin da za ki ji.

Amsarki ta iso, na karanta ta sau uku. Layi biyu na gaisuwa, layi goma sha ɗaya na faɗa. In daina kwalli, in wanke hannu, in kai ta asibiti a ranar. Tun da kika fara sa fararen kaya kin koma kamar allon sanarwa. Ko kalma ɗaya ba ki ce ba a kan mutumin da na ɓata rabin shafi ina kwatanta miki.

Gaskiya ban kai ta ba. Kafin takardarki ta zo na riga na sami wata hanyar. Kin san kirim ɗin nan na cikin gwangwanin maɓallan Umma, wanda take shafa wa komai, ƙuraje, cizon sauro, ƙunar dutsen guga? Shi na riƙa shafa mata kafin in ɗora kwallin. Kwana biyun farko har rawa na yi a ɗaki, don ɓarɓashin ya kwanta, wurin ya yi sumul. Daga nan sai abin ya buɗe kamar an zuba masa taki. Da'irar kunne ta ninka, wata ta fito a saman ido, wata a ƙafar gaba. Ta ƙafar kuwa da na shafa take lashewa tas, ta kalle ni kamar ta ce in ƙaro. Mako biyu kenan, fensirin ya kusa ƙarewa, ni kuma na zama mai fenti.

Ranar Litinin asirina ya tonu. Umma ta shimfiɗa farin leshin Matar Manaja a kan tebur, ta shiga kicin ɗora ruwa. Siliki ta haye, ta mirgina, ta goga kunne, ta goga ido, yadda take yi in tana jin daɗi. Kafin Umma ta dawo leshin ya koma kamar littafin ɗan aji ɗaya. Mai shi kuma tana zaune a wurin! Ta dafe ƙirji, ta yi salati, ta ce a miƙo mata jakarta jininta zai hau. Yadi ne fa, Yaya, ba mutum ne ya mutu ba. Ramuka ma sun fi zare yawa a jikinsa.

Umma ta matso kusa. Ta kamo Siliki, ta jiƙa ƙyalle, ta goge kunnen sau ɗaya. Sai ga makero a fili, ya yi jajir. Ta kalli ƙyallen, ta kalle ni. Na so ƙasa ta tsage in shige. Matan falo kuwa kowacce ta tattare zanenta ta ɗage ƙafa, har da wadda ɗanta yake yawo da majina har baki. Nan take duk suka zama likitoci: a shafa man birki, a shafa toka da kananzir, a ɗaure ta a buhu a kai bayan kasuwa. Ta ƙarshen ce ta shiga kunnen Umma. Ta ce mako ɗaya ta ba ni. In abin bai kama hanyar warkewa ba, ita da kanta za ta kai ta bayan kasuwa ta ajiye, ke kuma in kin dawo ki yi kukanki ki gama.

Ina tsaye ina hawaye ba sauti sai aka yi sallama. Yaya, wallahi kamar a littafi, daidai inda babi yake ƙarewa. Mutumin naki ne, ya kawo wa Umma ƙwai tire guda. Ya dubi Siliki daga inda yake tsaye, ko sunkuyawa bai yi ba, ya yi wani ɗan murmushi ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, ƙananan ƙwari ne suke cin gindin gashin, kullum yana ganin irinsa. Ya ce kada a wahalar da kai zuwa wurin matar nan ta bayan tasha, ba ta da aiki sai tsorata mutane. Ranar Asabar zai zo da magani daga shago, ɗigo ɗaya a ƙeya, an wuce wurin. Umma ta saki fuska ta ce ga likita a gida, me za a je nema a waje? Matar Manaja ma ta manta da jininta, ta koma tambayarsa maganin kajinta.

Da zai fita ya ce min, ƙanwata, share hawayenki. Ƙanwata! Na wuni ina juya kalmar a bakina kamar alewa. Don haka ki kwantar da hankalinki, ki rage faɗa. Ba kowane ciwo ne sai an je an bi layi a wurin mai warin awaki ba. Kin yi dace, Yaya, ke ce dai ba ki sani ba.

Umma tana gaishe ki, ta ce ki turo awon ƙugunki in kin rame.

Ƙanwarki mai jiran Asabar,
Auta


Ranar Lahadi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ki yafe min gajeriyar gaisuwa, a kan bencin asibitin dabbobi nake rubutu, takardar a kan gwiwata. Siliki tana da rai. Na fara da wannan don kada ki yi ta tsallake layi kina nema. Amma tana ciki, an ɗaura mata ruwa, kuma ba a ba mu tabbaci ba tukuna.

Mutumin naki ya zo jiya da hantsi kamar yadda ya ce. Ya ciro wani ɗan bututun roba daga aljihun gaban riga, ba kwali, ba takarda. Ya ce na karnuka ne, amma ai mage ƙaramin kare ce, rabi zai sa mata. Bai taɓa ta ba, saboda farar riga. Ni na riƙe ta, Yaya. Ni na danne ƙafafunta a cinyata na buɗe gashin ƙeyarta, ina jin daɗi wai hannuna yana kusa da agogonsa. Ya matsa, ya zarce rabin, ya ce ba komai, ƙarin lafiya ne. Ya mayar da bututun aljihu, ya goge yatsunsa da hankici, ya sha shayi ya tafi.

Kafin la'asar ta fara dalalar da yawu. Kunnuwanta suna karkarwa, fatar bayanta tana motsi ita kaɗai kamar ana jan ta da zare. Ta tashi za ta zo wurina, ƙafafun suka ƙi, ta faɗi a gefen keken ɗinki tana sanƙarewa. Umma ta kira shi. Ina jin muryarsa ta waya, a sanyaye, muryar nan da na yi ta yaba miki. Wai maganin ne yake aiki, cutar ce take fita, a ba ta madara. Mage tana shure-shure a ƙasa, shi yana zancen madara! Umma ta rasa abin yi, ta ɓallo rabin farasitamol za ta ɗura mata. Allah ya taimake mu haƙoranta sun datse, bakin ya ƙi buɗuwa.

Umma ce ta yar da ƙwayar, ta naɗe ta a tawul, ta ce in ɗauko mata mayafi. Umman da ta ce bayan kasuwa. Ko keken ba ta tsaya rufewa ba.

Matar nan mai takalmin roba tana shirin kulle ƙofa muka iso. Kallo ɗaya ta yi wa tawul ɗin ta mayar da makulli aljihu. Ba sannu, ba murmushi. Ta shinshina ƙeyar, ta kai ta famfo, ta wanke ta da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke kwanuka har sau uku, ta ɗora ta a sikeli, ta yi mata allura. Tana yi tana jefo tambaya: me aka sa mata, yaushe, nawa? Muka ce na karnuka ne. Ta ce na karnukan kala nawa ne a duniya? Tana da zato, amma ba ta son aiki da zato a kan dabba mai kilo uku, a kawo mata kwalin. Da Umma ta ambaci farasitamol sai matar ta tsaya cak. Ta ce da rabin nan ya shiga cikinta, da ba asibiti za mu nema ba, rami za mu haƙa. Wai abubuwa da yawa da jikin mutum ko na kare yake iya narkarwa, hantar mage ba ta iyawa.

Umma ta sake kiransa ta ce ya faɗi sunan maganin. Wai haɗi ne na musamman, ba za mu gane ba. Da likitar ta karɓi wayar sai ya katse. Aka sake kira, a kashe.

Ban san lokacin da na fita ba. Kin san ko kantin ƙasan gidanmu ba na zuwa sai na rubuta abin da zan saya a tafin hannu. Amma na tsallaka tasha, na bi layin masu walda, na faɗa shagon. Ashe ban taɓa ganin cikinsa ba. Buhunan dusa har rufi, 'yan tsaki a kwalaye suna ta kuka, ƙuda, wata fanka da take juya kai ba iska. Ga jarumin nawa a tsugune da gwangwanin awo a hannu, ya ɗaura tsohon buhu a ƙugu don kada wando ya ɓaci, wani dattijo, kawun nasa, yana yi masa tsawa ya zubar da dusa a ƙasa. Matan falo sun yi gaskiya. Wannan ya ƙona min rai ba kaɗan ba.

Da ya gan ni ya miƙe yana karkaɗe hannu, wai ƙanwata, ya jikin 'yar magen? Na bi kayan shagon da ido har na hango jerin ƙananan kwalaye masu hoton kare, ɗaya a buɗe. Na zagaya bayan kanta, ni ɗin nan, a gaban mutum biyar, na ɗauko. Na juya bayansa. Yaya, ga hoton mage nan an kewaye shi da ja an soke. Ba sai mutum ya iya karatu ba, yaron goye ma zai gane. Na ɗaga masa na ce, ka ga wannan kuwa? Ban san ina da murya haka ba. Kin san amsar da ya ba ni? Wai kamfanoni ne suke sa irin wannan don kare kansu. Kawun ya karɓi kwalin ya duba, ya dube shi, ya miƙo min ya ce, 'yata, yi sauri.

Likitar ta karanta ta gyaɗa kai, ta ce abin da ta zata ne, kuma ba Siliki ce ta farko ba. Ta ƙara wata allurar. Karkarwar ta ragu, amma ba ta tsaya ba. Ta ce kwana biyu zuwa uku ne za su nuna. Yau da safe da na dawo, da kayan jiya na tarar da likitar.

Sannan ta juyo kaina. Ta ga baƙi-baƙi a tawul ta tambaya, na faɗa mata komai, kwallin da kirim ɗin. Ta ce irin wannan kirim ɗin ja yake kwantarwa ya bar cutar ta yi ta yaɗuwa. Makero kuma ba ƙwari ba ne, ɗan'uwan fumfuna ne, maganin kaska ba ya yi masa komai. Wato ko da bai kayar da ita ba, aikin banza ya yi. Ta ce mako uku ina yi wa cuta kwalliya. Na laluba raina ina neman haushinta, ban samu ba.

Ki yi mata addu'a. Ni kuma ki yi min faɗa, layi nawa kika ga dama.

Auta


Ranar Asabar

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, da fatan kuma kin daina kukan da Umma ta ce kin yi mata a waya. Ya isa haka nan. Siliki ta dawo gida.

Ranar Talata karkarwar ta tsaya. Ranar Laraba ta lashi kifi a yatsana, ta kuma cije ni, likitar ta ce to wannan ita ce takardar sallama. Kafin mu taho ta shigar da mu wani ɗan ɗaki, ta ja labule, ta haska ta da wata fitila mai shuɗin haske. Wuraren makeron suka yi kore suna ƙyalli. Ni uku na sani, ashe bakwai ne. Daga nan ta kama haɓata ba ko neman izini, ta juya wuyana, ta ce ga na takwas. Eh, Yaya. A ƙarƙashin kunnena, inda Siliki take kwantar da kai. Ta ce ita ba ta duba mutane, in je a duba ni, kuma in na kuskura na shafa kwalli za ta ji labari. Umma ta yi dariya har da riƙe baya.

Yanzu ga tsarin. Maganin sha a sirinji, an auna shi daidai nauyinta, ba a ƙara ko ɗigo. Wanka sau biyu a mako da wani ruwa rawaya mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ba a ɗauraye shi, a jikinta yake bushewa, an kuma sa mata wani abu kamar mazurari a wuya don kada ta lasa. Ɗakin ajiya ya zama nata, ba falo, ba filo, aƙalla mako shida, sai an sake gwaji. Mun wanke labule da zannuwan gado, mun goge ƙasa, ƙyallayen ƙarƙashin keke duk an zubar. Na tambayi Umma a hankali, maganar mako ɗayan fa? Ta ce in ɓace mata da gani, ba ta yi awa huɗu a tsaye cikin warin awaki don ta kai wa bayan kasuwa ba. Matar Manaja ta rantse ba za ta sake taka gidan nan ba. Shekaranjiya ta zo da yadi biyu.

Saura mutumin naki. Na so in bar shi a waje, amma shi ya cusa kansa a takardar nan. Ya zo jiya, farar riga, turaren nan dai. Yanzu in na shaƙa, dusa nake ji a ƙarƙashinsa. Bai tambayi inda take ba. Ya ce wa Umma ai dama wasu magunan jininsu ba ya karɓar magani, kuma da ba a yi ta shafa mata abubuwa tun farko ba, da abin bai kai haka ba. Yana faɗa yana kallona. Umma ta ci gaba da taka kekenta, ko ruwa ba ta ce a kawo masa ba.

A matakala ya tare ni. Ya miƙo min sabon littafi, mai kaurin nan da na daɗe ina so, da ambulan in sa miki a cikin nawa. Wai kada mu tayar miki da hankali kina karatu, mu bar maganar a tsakaninmu, yaya da ƙanwa. Na karɓi ambulan ɗin, na ajiye masa littafin a kan matakala kusa da takalminsa. Na juya na haye sama, kuma wannan karon ba kunya ce ta kore ni ba.

Ambulan ɗin bai liƙu da kyau ba. To, ya liƙu, ni ce na taimaka masa ya buɗe a kan tururin buta, Allah ya yafe min. Shafi biyu ne. Ke ce wata, ke ce tauraruwa, ke ce numfashinsa, duk na san irin littattafan da ya kwaso su, kuma ko kwasar bai iya ba. A ƙasa ya ce 'yar magenki ta ɗan yi rashin lafiya saboda wasan yara da Auta ta yi da kwalli, amma ya tsaya tsayin daka, ya haɗa mu da wata abokiyar aikinsa, yanzu komai ya wuce. Abokiyar aikinsa! Matar da ya katse wa waya.

Kwallin gaskiya ne, kirim ɗin ma gaskiya ne, ƙafafun kuma ni na riƙe, ba zan ɗora wa kowa ba. Sauran ba zan ce miki komai ba, ke ce babba, ke kika san abin da za ki iya zama da shi. Ga wasiƙarsa nan na sa miki yadda take, ko waƙafi ban taɓa ba. Na dai yanko bayan kwalin nan da almakashin Umma, na maƙala shi da allura a shafi na biyu, daidai kan layin da ya ce ya tsaya tsayin daka. Ki yi hankali da tsinin in za ki buɗe.

Bari in tsaya nan, yau ranar wanka ce, ga ta can tana yakushin ƙofar ɗakin ajiya tana zagina. Umma tana gaishe ki. Abba ya dawo, shi ma yana gaishe ki, ya ce tun daga ƙasan bene warin maganin ya sanar da shi akwai labari.

Ƙanwarki mai makero,
Auta